Kwana biyu a hamadar Kalifoniya: Joshua Tree kaɗai, ko a haɗa da Death Valley?

Abban Hanif: Assalamu alaikum jama'a. Mu shida ne, motoci biyu, daga Los Angeles. Muna so mu tashi bayan sallar Juma'a a tsakiyar Nuwamba, mu kwana a tanti a gandun daji na Joshua Tree, Asabar da yamma mu wuce gandun Death Valley, Lahadi da dare mu dawo gida. Babu wanda ya taɓa kwana a hamada a cikinmu. Masu sani a taimaka mana da shawara, musamman ruwa da wurin kwana.

Mai Taswira: Wa alaikumus salam. Malam Abban Hanif, ka cire ɗaya daga cikin biyun tun yanzu. A taswira suna kama da maƙwabta, amma daga Joshua Tree zuwa Furnace Creek, tsakiyar Death Valley, kusan kilomita 400 ne, ta Amboy da Kelso da Baker da Shoshone. Awa biyar ke nan idan an haɗa da shan mai da sallah. Daga can zuwa Los Angeles wata awa biyar. Ga kuma rana da ke faɗuwa wajen 4:40 na yamma a tsakiyar Nuwamba, tunda an riga an mayar da agogo baya. In kuka bi tsarinku, sau biyu za ku kafa tanti cikin duhu, rabin hutunku kuma a cikin mota zai ƙare. Ku tsaya a Joshua Tree dare biyu.

Ɗan Damagaram: Ni ban goyi bayan haka gaba ɗaya ba, Yaya. In dai ɗaya za a zaɓa a Nuwamba, Death Valley ya fi sauƙi ga sabon shiga. Furnace Creek yana ƙasa da matakin teku, darensa bai kai na Joshua Tree sanyi ba. Akwai famfo, akwai banɗaki mai ruwa, akwai gidan mai da kanti. A tsakiyar Joshua Tree babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Mai Taswira: Gaskiya ne, amma ka dubi lokacin tashinsu. Wanda ya bar masallaci ƙarfe biyu ya shiga cunkoson Juma'a na titin I-10, tafiyar awa biyu da rabi zuwa Joshua Tree za ta iya zama awa huɗu. Death Valley kuwa sai tara ko goma na dare, a kan hanyar da ba su sani ba, ga hawa da gangara. Death Valley na hutun kwana uku ne ko huɗu.

Ɗan Damagaram: To, a nan na sallama. Ban yi lissafin Juma'a ba.

Abban Hanif: Mun amince, Joshua Tree kaɗai. To wurin kwana fa? Ana zuwa kawai a kafa tanti?

Hajiya Maman Iman: A'a ƙanina, kada ku yi wannan gangancin. Daga Oktoba zuwa Mayu sansanonin cika suke yi kowane ƙarshen mako. Iri biyu ne. Akwai waɗanda ake kama wuri ta intanet a recreation.gov, har wata shida kafin ranar: Jumbo Rocks, Ryan, Indian Cove, Black Rock, Cottonwood. Akwai kuma na wanda ya riga ya riga, wato Hidden Valley, White Tank da Belle. Waɗannan na biyun, wanda ya iso Juma'a da magariba ya ma cire rai.

Doka ta fili ɗaya: mutum shida, tanti uku, mota biyu. Kun cika iyaka cif, kada wani ya ce zai ƙaro aboki. Wasu filayen ma mota ɗaya suke ɗauka, sai ku karanta bayanin filin kafin ku biya.

Abin da ya fi muhimmanci, Black Rock da Cottonwood ne kawai suke da ruwan famfo. Jumbo Rocks shi ne mafi kyau a ido, tanti a tsakanin manyan duwatsu, amma teburi ne da murhun ƙarfe da masai na rami, shi ke nan. In duk sun cika, ku riƙa leƙa shafin safe da yamma, mutane na fasa zuwa a makon ƙarshe.

Injiniya: Bari in yi lissafin ruwa, domin nan ake yawan kuskure. Hukumar gandun ta ce aƙalla galan ɗaya, kusan lita 4, ga mutum ɗaya a rana, kuma na sha ne kawai. Mai hawan dutse da rana yana buƙatar fin haka. Daga yammacin Juma'a zuwa la'asar ɗin Lahadi ku ɗauka kwana biyu da rabi ne. Mutum shida sau lita 4 sau biyu da rabi, lita 60. Girki da shayi da wanke kwanuka, ku sa lita 15. Alwala da tsarki, lita ɗaya da rabi ga mutum a rana in an yi tattali, wajen lita 22. Sai lita 10 da za ta zauna a kowace mota, ba a taɓa ta sai an shiga matsala. Jimla ta kusa lita 120.

Kilo 120 ke nan, ku raba wa motocin biyu. Kuma kada ku zuba shi a mazubi ɗaya ko biyu manya. Jarka shida ta galan biyar ta fi, domin idan ɗaya ta fashe ko an bar famfonta a buɗe cikin dare, kashi ɗaya cikin shida kuka rasa. Ku tsayar da su bakinsu a sama lokacin tafiya, famfon roba yana ɗiga idan mota na girgiza. Ana iya ƙara ruwa a ƙofar yamma ta gandun da kuma garin Twentynine Palms, amma daga Jumbo Rocks zuwa da dawowa zai ci muku kusan awa guda.

Malam Na Tsangaya: Injiniya, Allah ya saka. Ƙari a kan alwala: idan ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishirwa, sha ne a gaba, a yi taimama, kuma ga ƙasa mai tsarki da dutse ko'ina. Amma wanda zai iya ɗaukar ruwa a mota tun daga gida, ya ɗauka. Buta biyu sun isa. Tafiyar ta haura kilomita 200, ta wuce tazarar kasaru nesa, kuma zaman bai kai kwana huɗu ba, don haka za ku yi kasaru.

Alƙibla kuma a kula. Da yawa suna fuskantar gabas kai tsaye saboda sabo da gida. Daga kudancin Kalifoniya alƙibla arewa maso gabas take, wajen digiri 24 daga arewa ta gaskiya, wato ta fi kusa da arewa fiye da gabas. Da dare ku nemo tauraron arewa, ku ɗan karkata dama kaɗan. Sannan sansanin yana da dokar shiru daga 10 na dare zuwa 6 na safe, kuma asuba na shigowa kafin shida, sai a yi kiran sallah da karatu a hankali saboda maƙwabta.

Abban Hanif: Madalla Malam. Wannan na alƙibla da mun yi kuskure. Sanyi fa? Wasu cikinmu na cewa bargo ya isa tunda hamada ce.

Ɗan Agadas: Duk wanda ya san darin Sahara ba zai faɗi haka ba. Iska busasshiya ba ta riƙe zafi, da rana ta faɗi sai yanayi ya rikito. Jumbo Rocks yana kan tudu, mita 1,300 da ɗoriya sama da teku. A Nuwamba da rana za ku iya samun digiri 18 zuwa 20, amma kafin asuba ya sauka kusa da sifiri, wani lokaci har ruwan buta ya yi ƙanƙara a sama.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne sanyin daga ƙasa ma yake shiga, ba daga sama kawai ba. Jikinka yana danne bargon da ke ƙarƙashinka, ya zama ba shi da amfani, ƙasa ta yi ta zuƙe ɗuminka. Katifar iska ta gida, irin wadda ake hura wa baƙi, ita ce mafi muni, domin iskar cikinta tana yin sanyi ka kwana a kanta. A nemi shimfiɗar zango mai lambar R (ma'aunin yadda take tare sanyi) ta 3 ko sama, ko a haɗa ta soso da ta iska, soson a ƙasa. Jakar barci kuma a nemi wadda aka rubuta digiri 20 a ma'aunin Amurka, wato kusan 7 ƙasa da sifiri a namu. Lambar da ke jikin jaka sau da yawa iyakar da za ka iya jurewa ce, ba ta barci mai daɗi ba, shi ya sa ake barin rata. Hular sanyi, safa busasshiya ta barci kawai, kuma a cire rigar da aka yi gumi a ciki kafin a kwanta.

Likita: Zan ƙara abu ɗaya a kan wannan, kuma ina roƙon ku ɗauke shi da gaske. Kada a shigar da gawayi ko risho ko kaskon wuta cikin tanti ko cikin mota, ko da na minti goma ne. Mun saba ganin kasko a ɗaki lokacin hunturu, kuma duk shekara ana rasa rayuka ta haka. Iskar da ke kisan ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da barci take farawa da su, mutum ba ya farkawa. Mai jin sanyi ya tafasa ruwa, ya zuba a gorar roba mai kauri da ke jure zafi, ya ɗaure murfin sosai, ya sa ta a safa, ya ajiye tsakanin cinyoyinsa cikin jakar barci.

Ɗan Agadas: Haka ne Likita. Saura iska. Ita ce ke karya tantuna a wurin nan, ba ruwan sama ba. Turakun da ke zuwa cikin jakar tanti sirara ne, ƙasar wurin kuma ko tsakuwa mai tauri da ke lanƙwasa su, ko yashi da ba ya riƙe su. Ku sayi turakun ƙarfe masu kama da manyan ƙusoshi, tsawon santimita 25 zuwa 30, da guduma. A kafa su a karkace, kan yana kallon waje da tanti. A ɗaure duk igiyoyin gefe, ba kusurwa huɗu kawai ba. Inda turke ya ƙi kamawa, a ɗaura igiyar a ƙaramin dutse, a danne da babba a gabansa. Ƙofar tanti kada ta fuskanci inda iska ke fitowa. Kuma ba a ɗaura igiya ko lilo a jikin bishiyar Joshua ko wani tsiro, haramun ne a dokar gandun, girman bishiyar a hankali yake.

Ku gwada kafa tantin a gida sau ɗaya kafin Juma'a. Za ku iso cikin duhu, kuma kowa ya samu fitilar goshi tasa, hannu biyu ake buƙata.

Hajiya Maman Iman: Abinci kada ku wahalar da kanku. Daren Juma'a a zo da dafaffe daga gida, dafa-duka ko shinkafa da miya, a ɗumama kawai. Miyar Asabar a daskarar da ita tun Laraba, za ta zama ƙanƙarar kula da kanta. Kula biyu: ɗaya ta abin sha da ake buɗewa kullum, ɗaya ta nama da miya da ba a buɗewa sai lokacin girki. Dunƙulen ƙanƙara ya fi ƙanana daɗewa. Risho mai kai biyu da ƙananan tukwanen gas uku za su ishe ku, amma ku kare shi daga iska, in ba haka ba ruwan shayi zai yi rabin awa bai tafasa ba. Na aljihu a kan hanya: dabino, gyaɗa mai gishiri, ƙuli-ƙuli, lemo.

Itace a saya a garin Joshua Tree ko Yucca Valley, ba a tsintar ko ƙirare a cikin gandun. Wuta a cikin murhun ƙarfen kawai, a kashe ta da ruwa har sai toka ta yi sanyi, ba a rufe ta da yashi. Ku tambaya a ƙofa ko an hana hura wuta a makon. Da dare duk abinci da shara su koma mota, akwai hankaki da ɓeraye da karnukan daji.

Abban Hanif: To tafiyar ƙafa, Asabar da safiyar Lahadi, ina za mu bi?

Mai Taswira: Asabar ku fara da Ryan Mountain tun bakwai na safe, kafin wurin ajiye motoci ya cika. Kilomita 4.8 ne zuwa da dawowa, hawan mita 320, kan dutsen yana mita 1,664. Matakala ce ta dutse kusan duka, babu inuwa, a sama akwai iska mai sanyi, don haka a tafi da riga mai kauri ko da ana gumi a ƙasa. Awa biyu zuwa uku, lita biyu kowa. Bayan azahar ku yi masu sauƙi: zagayen Hidden Valley kilomita 1.6, da Barker Dam wanda ya ɗan fi shi kaɗan. Kada ku sa rai da ruwa a dam ɗin, sau da yawa a bushe yake. Ƙarfe huɗu ku kasance a Keys View, daga nan ana hango kwarin Coachella da layin tsagewar ƙasa na San Andreas, in sama ta yi garau har tafkin Salton.

Lahadi bayan kun naɗe kaya, ku gangara kudu ta Pinto Basin, ku tsaya a lambun cholla (wani tsiron hamada mai ƙaya), ku fita ta Cottonwood kai tsaye zuwa I-10. A wannan hanyar ne za ku ga canjin da ya sa gandun ya yi suna: bishiyoyin Joshua na hamadar Mojave suna ƙarewa, a shiga hamadar Colorado wadda ta fi gangarawa ƙasa kuma ta fi zafi. Ku cika tanki kafin ku shiga ranar Juma'a, babu gidan mai a ciki ko ɗaya.

Injiniya: Ni ina ganin Ryan Mountain ya yi wa sababbi yawa a safiyar farko, bayan daren da ƙila ba su yi barci sosai ba. Lost Horse Mine ya fi laushi, kilomita 6.4 ne amma hawansa a hankali, kuma akwai tsohon injin niƙa dutsen zinariya da za su gani.

Mai Taswira: Ya fi tsawo, kuma hanyar shiga wurin ta ƙasa ce, wurin ajiye mota ƙarami. Ryan hanya ɗaya ce tak, ba a ɓata a kanta, wanda ya gaji ya zauna ya jira tare da mutum guda. Ga sababbi wannan ya fi min muhimmanci. Amma su duba mafi rauni a cikinsu, da shi za a auna.

Likita: Kowacce suka zaɓa, ƙa'ida ɗaya ce: ruwa ya kai rabi, a juya, ko an kai ƙarshe ko ba a kai ba. A sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa, gumi kuma bushewa yake nan take, sai ya ɗauka bai rasa komai ba. A duba fitsari, in ya yi duhu ruwa bai isa ba. Ɗaya gefen kuma, shan ruwa zalla da yawa babu abinci yana rage gishirin jini, ya kawo ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa. A riƙa cin abu mai gishiri. Haɗin gishiri da sukari da muka sani yana aiki a nan: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Cholla kuwa, kada kowa ya je da silifa. Gaɓoɓinta suna faɗuwa a ƙasa, ƙayarta tana da ƙugiya, in ka kai hannu ka cire sai ta kama hannun. A sa mataji tsakanin fata da gaɓar a fizge ta waje, nesa da fuskar kowa, sauran ƙayoyin a cire da hantsaki. Macizai masu kacau-kacau a wutsiya sun ragu a Nuwamba amma ba su ɓace ba, suna fitowa shan hantsi. Kada a sa hannu ko ƙafa inda ido bai gani ba, a zazzage takalmi da safe saboda kunama. Idan an yi sara, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo, a kwantar da hankalin mutum, a nufi asibiti, akwai ɗaya a garin Joshua Tree kusa da titi 62.

Ɗan Damagaram: Batun waya ba a taɓo ba. A tsakiyar gandun kusan babu sabis ko kaɗan. Ku sauke taswira a waya tun a gida, ku karɓi ta takarda a ƙofa. Motoci biyu su yi alƙawarin wurin haɗuwa da lokaci, domin in kun rabu ba kira. Ku bar wa wani a gida sunan sansani da lambar fili da hanyoyin da za ku bi da lokacin da in bai ji ku ba zai kira lambar gaggawa 911. Akwai wayar gaggawa a Intersection Rock kusa da Hidden Valley. iPhone 14 zuwa sama suna iya aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan'adam, amma a koyi yadda ake yi kafin a tafi. Sanyi na cinye batir, waya ta kwana cikin jakar barci.

Idan mota ta lalace, a zauna da ita. Ana hango mota daga nesa, ba a hango mutum, kuma inuwa da ruwan ajiya suna wurinta. A duba iskar safaya da jak da sifana kafin tashi.

Wani abu kuma, in an ga hadari ko da a can nesa kan duwatsu, a fita daga busasshen rafi. Ƙasar ba ta shan ruwa da sauri, ambaliya na iya iso ka alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba. A Agustan 2023 ragowar guguwar Hilary ta zubar da ruwan da ya kai na shekara guda a rana ɗaya a Death Valley, ta farfasa tituna, aka rufe gandun kusan wata biyu.

Malam Na Tsangaya: Abban Hanif, in ranar ba ta tsaya ba tukuna, ku duba kalandar Musulunci. Ƙarshen wata ko farkonsa ne sama ke yin duhu sosai a ga taurari yadda ya kamata. Ku kashe fitilu ku ba ido minti ashirin ya saba. A Nuwamba kaza da 'ya'yanta suna fitowa ta gabas tun bayan magariba. In kuka faɗa daren sha huɗu, farin wata zai rufe su, sai dai duwatsun za su yi haske har a yi yawo ba fitila.

Hajiya Maman Iman: Da kunkuru. In kun gan shi a hanya kada ku ɗaga shi don hoto. Ruwan da zai rayu da shi watanni a mafitsararsa yake ajiye, in ya tsorata sai ya zubar, kuma hakan na iya kashe shi. A Nuwamba yawancinsu suna rami, amma a leƙa ƙarƙashin mota kafin a tayar. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ma a bar shi a gida, an hana.

Abban Hanif: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba yanzu, Jumbo Rocks ya cika a makon da muke so, amma akwai fili a Black Rock da Cottonwood. Wanne?

Mai Taswira: Black Rock. Yana kusa da Yucca Valley, ba sai kun ratsa gandun cikin dare ba, ga famfo, jarka uku ma sun isa tunda za ku cika kowace safiya. Sai dai babu titi daga can zuwa tsakiyar gandun, dole ku fito titi 62 ku shiga ta ƙofar yamma, wajen minti 45 zuwa Ryan Mountain, kuma layin ƙofar yana tsawo daga tara na safe. Ku bar sansani shida da kwata. Kuɗin shiga dala 30 ne kowace mota na kwana bakwai, ku biya ta intanet tun a gida ku ajiye hoton rasit a waya.

Ɗan Agadas: Black Rock ma yana kan tudu, wajen mita 1,200, don haka maganar jakar barci da turaku tana nan yadda take. Ku zaɓi fili da ke da itatuwa ta yamma, ta can iska ta fi bugowa.